Mangazar Bakin Rafi

Buhu ɗari tara na masara ne a cikin mangazar, wato ɗakin ajiyar hatsi, ranar da ruwa ya shige ta. Ɗari biyu nawa ne. Ɗari biyu da sittin na Alhaji Garba, abokin sana'ata a nan Parakou. Ɗari biyu na wasu fatake biyu 'yan Djougou, wa da ƙane. Sauran ɗari biyu da arba'in na matan ƙauyukan bayan Partago ne, waɗanda suka damƙa wa Yaya Alima noman shekararsu don ta ajiye musu har farashi ya tashi. Mu fatake kowa yana da wani kaya a wani wuri. Matan nan ba su da ko kwano ɗaya a waje, ita kuma Alima ba ta da jarin da ya wuce yardar da suka yi mata. Idan masarar ta ruɓe, sana'arta ta shekara da shekaru ta ruɓe tare da ita.

Na fara da wannan ne saboda samarin unguwarmu. Kusan kullum sai wani ya tsayar da babur a ƙofar shagona a Banikanni ya ce, "Alhaji Sule, ina so in shiga harkar hatsi." Idan na tambaye shi abin da ya sani, amsar ɗaya ce: a saya da kaka lokacin da masara ta yi araha, a sayar da damina lokacin da ta yi tsada. Ba ƙarya ya faɗa ba. Amma tsakanin kaka da damina akwai watanni masu yawa, kuma a cikinsu sana'ar take. Saye kowa ya iya, sayarwa ma haka. Ajiya ce aikin.

Aikin farko da kawuna Mamman ya ba ni a Djougou ba ciniki ba ne. Na zo daga gidanmu na unguwar Ladjifarani a Parakou da tunanin zan zauna kusa da sikeli ina kiran farashi. Sai ya nuna mini tarin sandunan itacen tek a bayan mangazarsa, ya ce in jera su a ƙasa, biyu a tsaye biyu a gicciye, don kada buhu ya taɓa siminti. Na jera, ya zo ya taka ɗaya, ta motsa, ya ce in kwashe in sake. Bayan haka ya koya mini barin fili tsakanin buhuna da bango, daidai yadda mutum da kyanwa za su wuce. Na yi shekara guda ina shara, ina jera itace, ina ɗinke buhunan da ɓera ya huda, kafin ya bar ni in taɓa sikeli.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai basilla da igiya na ɗinkin baki. Akwai sonda, wani ƙarfe mai tsini da rami a ciki, wanda ake soka wa buhu ya fito da ƙwayar tsakiya, domin manomi ma ya san cewa mai saye saman buhu yake fara dubawa. Akwai tampol. Sauran kayan aikin a jikinka suke. Ka ciji ƙwayar masara: idan ta fashe da ƙara, ta bushe, idan ta lotse a haƙori, kada ka kai ta ajiya ko da kyauta aka ba ka. Ka tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, idan ka ji ɗumi, masarar ta fara cin kanta. Hanci kuma yana gaya maka abin da ido bai gani ba tukuna.

Akwai ranar da ba na mantawa. Kawu yana neman ƙarin ɗakin ajiya, aka nuna masa wani mai kyau kusa da kasuwa, rufin sabo, haya da sauƙi. Ya ce zai yi shawara. Ya yi ta jan mai ɗakin har ruwa ya sauka sosai. Wata rana da la'asar ana tafka ruwa, ya ɗauki lema ya ce in biyo shi. Muka je muka tsaya a gaban ɗakin kamar marasa aikin yi.

Na ce, "Kawu, mu fake mana."

Ya ce, "Kai ka fake. Mai ɗaki ya nuna mini ɗakinsa da rani, yau ruwa nake so ya nuna mini."

Muna tsaye ruwan layin gaba ɗaya ya taru ya bi ta gindin bangon baya. Kawu ya juya muka koma gida, bai ƙara maganar ɗakin ba. Shi ne kuma ya saba mini da raba kaya gida uku ko huɗu, ko da ɗaki ɗaya zai ɗauke su duka.

Da na tsaya da ƙafata na dawo Parakou, na san masu saye iri-iri. Masu kiwon kaji na kudu suna son kaya da yawa, amma sai sun ja ka da biya. Mutanen Nijar da muke haɗuwa da su a Malanville ba su da dogon ciniki, sai dai ba buhun da zai hau motarsu ba tare da sonda ta shige shi ba. Matan da ke dama koko da masu tuƙa akasa, tuwon gasarar masara, a Banikanni kwano-kwano suke saye, su ne kuma suka riƙe ni a shekarun da manyan masu saye suka ɓace. Duk waɗannan ana samun madadinsu. Wanda ba a samun madadinsa shi ne mai tara maka kaya a ƙauye.

Tawa ita ce Yaya Alima. Ta girme ni, kuma tun ina yaron Kawu take tara masa masara, shi ya sa har yau take kirana Alhaji Ƙarami, ko da yake gemuna ya yi fari. Tana jin Yom da Dendi da Hausa, tana kuma iya zagi da Faransanci idan direba ya ɓata mata rai. Manomi ba ya sayar wa baƙo kayansa masu kyau. Yana sayar wa wadda ta zo sunan ɗansa, wadda ta san gonarsa. Ranar kasuwar Partago za ka ga Alima a ƙarƙashin bishiya da kwanon awonta, mata suna sauke daro a gabanta ba tare da sun tambayi farashin wani ba. Ita ce ta fara gaya musu cewa su daina sayar da komai da kaka, su ajiye rabi su ci ribar damina kamar yadda muke ci. Wannan ya rage mini kaya, na kuma faɗa mata. Ta ce, "Ka ci shekara talatin kai kaɗai, Alhaji Ƙarami. Matsa kaɗan."

Abin da ya rage musu shi ne wurin ajiya, sai ga wani foroje, wato shirin raya karkara, ya zo da alkawarin gina mangaza a ɗaya daga cikin ƙauyukan, don manoma da fatake su yi amfani da ita tare. Ranar taron ina Malanville, Alima ce ta ba ni labari. Duk garin da za a yi wa gini, sharaɗin farko shi ne ya ba da fili kyauta. Ba wanda zai ba da gonar doyarsa kyauta. Sai mai gari ya nuna wani fili shimfiɗaɗɗe a bakin hanya, kusa da rafi, wanda ba kowa ke nomawa ba. A watan da aka yi taron rafin yashi ne kawai, awaki na kwance a cikinsa.

Injiniyan forojen, wani matashi mai suna Bio, bai ɓoye musu komai ba. Ya ce kuɗin da ke hannunsa zai yi ɗaya daga cikin biyu: babbar mangaza a wannan fili, ko ƙarama a kan tudu bayan makaranta, domin can sai an sayi filin an kuma buɗe masa hanya. Fataken da ke wurin suka ce babba. Ban ga laifinsu ba. Mu mutanen rani ne. Da kaka muke shiga ƙauye, kafin ruwa ya sauka mun fita. Mun san kowane rami na hanyar a bushe, ba mu taɓa ganinta a jiƙe ba. Masu foroje ma haka suke: da rani suke taro, da rani suke awo, da rani suke gini, domin lokacin ne mota ke shiga. Mutanen garin da suka san rafin kuwa sun ji tsoron idan suka yi dogon bayani, ginin zai koma wani gari.

Da aka gama na je na gani. Gini ne mai kyau, kamiyo, wato babbar motar kaya, yana ja da baya har bakin ƙofa. Daminar farko ta wuce lafiya, ruwan bai ko kusanto ba. A shekara ta biyu kowa ya saki jiki, ni ma na kai buhu ɗari biyu, na bar sauran kayana a Parakou da Djougou.

Ga abin da ya kamata mai koyon sana'a ya lura da shi. Mai tsaron mangazar yana jera kaya ne yadda suka iso. Ba wanda ke son ɗaga buhu sama alhali akwai fili a ƙasa, don haka sai ya shimfiɗe daɓen gaba ɗaya, sannan ya hau layi na biyu. Kowa yana gane nasa da alama: nawa kore, na Garba jan fenti, na 'yan Djougou baƙi, na mata kuma zare shuɗi a bakin ɗinki. Matan su ne kusa, su suka fara kawowa tun farkon kaka. Mu sai daga baya muka zo da motoci. Wato ba tare da kowa ya shirya ba, kayan mata suka kwanta a ƙasa, namu suka hau kansu.

A shekarar ruwa ya yi yawa a ƙarshen damina. Kwanaki ana yi ba rana, masara kuma ta yi tsadar da muke jira, har na fara maganar mota. Wata safiya da hantsi waya ta yi ƙara.

"Alhaji Ƙarami, kana ina?"

"Ina shago, Yaya. Lafiya?"

"Rafi ya zo gaishe mu. Yana bakin ƙofar mangaza, kuma bai yi sallama ba."

Na kira Garba, muka shiga kamiyonsa. 'Yan Djougou suka same mu a hanya. Mun wuce Partago da kaɗan sai direba ya taka birki. Dalon da ke gaba, wato ƙaramar gadar siminti da ruwa ke bi ta ƙarƙashinta, ya tafi da rabin hanyar. Ruwan da ya shiga mangaza shi ne ya yanke hanyar da za a bi a cece ta. Muka bar motar, muka naɗe wanduna, muka riƙe igiyar da samarin garin suka ɗaure, muka haye da ƙafa.

A cikin mangazar ruwa ya kai cinya. Layi uku na ƙasa sun nutse. Masara idan ta sha ruwa kumbura take, buhunan ƙasa sun fara fashewa, tarin da ke kansu ya fara karkata. Wurin da za a kai kaya ɗaya ne, makarantar da ke kan tudu, kuma babu abin ɗauka sai babur mai ƙafa uku guda biyu da kawunan mutane. Mutanen kuwa suna nan, maza da mata cike da bakin hanya, kowace mace da daronta, amma ba wanda ya motsa. Alima tana tsaye a bakin ƙofa, zaninta a ɗaure sama da gwiwa.

Garba ya ce, "Me ake jira? Kowa ya bi fentinsa. A fara da ja."

Alima ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji Garba. Ka ga shuɗi a sama?"

Ya duba. Shuɗin da ke sama bai fi talatin ba.

Ya ce, "Allah ya mayar muku da alheri, Hajiya. Amma haka sana'a take. Wanda kayansa ya jiƙe shi ya yi asara."

"Naka sun bushe ne don a kan namu suke zaune. Mu muka zama muku katako. Yanzu kuma kana so mu ɗauke naka a ka, mu bar namu a ruwa?"

"Zan biya ɗauka."

"Ka biya rafi ya ɗaukar maka."

Wasu mata suka yi dariya, ba ta jin daɗi ba. Garba ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, gaya mata. Ranar da kamiyona ya kife a hanyar N'Dali, wa ya raba asara da ni? Kai ka raba?"

Ban raba ba, kuma maganarsa gaskiya ce bisa yadda muka taso. A sana'armu alama ita ce shari'a. Amma ina tsaye cikin ruwan ina auna abu biyu. Na farko, idan aka tsaya zaɓen fenti, ana zare buhu daga tsakiyar tari, tarin zai zube, busasshe ya bi jiƙaƙƙe. Na biyu, idan matan nan suka koma gida hannu wofi, Alima ta gama, kuma ranar da ta gama ni ma na gama a waɗannan ƙauyuka. Ba zan ce tausayi bai taɓa ni ba, amma ba da tausayi na yi magana ba.

Na ce, "A kwashe daga sama, ko na wane ne. Buhu ya fi ƙarfin kan mace, don haka a farke a juye a daro. Masarar da ke daro ba ta da fenti. Idan mun kai makaranta mu auna abin da ya tsira, a raba bisa yawan abin da kowa ya kawo."

Babban cikin 'yan Djougou ya ja ƙanensa gefe, suka yi magana da Dendi ƙasa-ƙasa. Ya dawo ya ce, "Mun yarda, amma kai za ka riƙe awo, ba Hajiya ba."

Alima ta ce, "Ya riƙe. Ni na koya masa."

Garba ya ce shi ba ya ciki. Ba wanda ya tilasta shi. Ya samu samari daga wani ƙauye ya biya su, suka riƙa zaro jan fenti suna ɗauka ɗaya-ɗaya. Mun roƙe shi abu ɗaya, ya bari mu sauke na sama kafin ya zari na tsakiya, ya kuma yarda da wannan.

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Maza huɗu a kan tari da wuƙa suna farke baki, mata a jere cikin ruwa, daro na cika yana tafiya, wani na dawowa. Kowace ta rufe nata da leda ko ganyen tek saboda yayyafi. A makaranta aka ture bencuna, aka shimfiɗa tampol a aji biyu, masara ta yi ta tashi kamar tudun yashi. Allah ya taimake mu ruwan ya tsaya da hawa bayan azahar. Kafin rana ta faɗi duk abin da ke busasshe ya bar mangazar.

Buhu ɗari biyu da saba'in ne suka jiƙe, ɗari biyu da goma daga ciki masu zare shuɗi. Mun yi ƙoƙarin shanya su, amma babu rana. Suka yi tsiro, suka yi tsami, warinsu ya cika garin. Masu kiwon alade suka saye su a wulaƙance, abin da aka samu ya tafi a sabbin buhuna da man babura.

Awon ya ba kowa kusan shida cikin goma na abin da ya kawo. A wurina da 'yan Djougou wannan ragi ne. A wurin matan ya fi abin da ruwa ya bar musu nesa ba kusa ba, amma mace da ta kawo buhu biyar aka ba ta uku ba lissafin mangaza take yi ba, lissafin gidanta take yi. Alima ta bi su gida-gida. Wasu suka karɓa suka shige ɗaki. Wasu suka yi kuka suka gode. Matan wani ƙauye da ke ƙetaren rafi suka ce ta haɗa baki da fatake, ta kai su ramin da ta sani. Na ce mata in je in yi musu bayani. Ta ce, "Idan suka gan ka a bayana, sun tabbatar ke nan. Zauna a Parakou."

Bayan mako biyu agaji ya iso: tabarmi, bokitai, shinkafa, gidan sauro. An gode, mutanen da ɗakunansu suka rushe sun amfana. Bio ma ya zo, a kan babur, ba a motar foroje ba. Na same shi tsaye a cikin mangazar yana duban layin da ruwa ya bari a bango.

Ya ce, "Baba Alhaji, a zanena na farko na ɗaga daɓen nan, na kuma faɗaɗa dalon can. Aka cire, saboda ni da yawan buhun da gini zai ɗauka ake auna aikina. Ruwa aikin wani ofishi ne, su kuma ba a kiransu sai ya riga ya shiga."

Na gane maganarsa sarai, domin a sana'ata ba a yin haka. Ranar da na sayi buhu, ranar nake sa rabon ɓera da na ƙwari da na ramar bushewa a cikin farashinsa. Ba na jira sai ɓera ya ci sannan in nemi wanda zai kawo mini ta'aziyya. Wanda ya gina mangaza bai sa ruwa a cikin kuɗin ginin ba, bai gina ta da araha ba. Ya dai bar wa wani ya biya cikon, kuma a wannan karon matan bayan Partago ne suka biya.

Shekarar da ta biyo baya aka kira mu Djougou, taron tsara ayyukan raya ƙasa na shekaru masu zuwa. Da can irin wannan taro jerin buƙatu ne: wannan na son rumfunan kasuwa, wancan na son famfo, a rubuta a tafi. Wannan karon masu shirya taron sun zaunar da masu gini da masu agaji a tebur ɗaya, kuma duk aikin da aka ambata sai an tambaya ina ruwa yake bi, ina wutar daji take bi, me zai faru idan hanya ta yanke. Suka ce haka ake so a riƙa yi yanzu tun daga sama har ƙasa. An shimfiɗa taswira, an kawo alƙalami shuɗi, aka ce mutanen kowane gari su zana inda rafi yake kaiwa a shekarar da ya fi hauka.

Da aka zo kanmu, fatake da yawa suka ce a gyara tsohuwar mangaza kawai, kuɗin da ya rage a yi mana rumfuna a kasuwar Partago. Rumfunan muna buƙatarsu, ni ma ina so. Aka ba ni magana, na ce abu ɗaya nake roƙo: duk filin da za a yi gini a kansa, a je a gan shi a ƙarshen damina kafin a sa hannu, ko da a ƙafa za a je, kuma idan fili kyauta ne a tambayi dalilin da ya sa ba mai nomansa. Alima ta miƙe bayana ba tare da an kira ta ba. Ta ce, "A tambayi mata. Mu ke wanki a rafin nan, mu muka san inda yake kwana." Wani ma'aikaci ya miƙa mata alƙalamin, ta ce ba ta iya taswira ba, amma idan suna da takalman roba su zo ta nuna musu. Sun je kuwa, a watan da ruwa ya fi yawa.

Ba a samu komai yadda ake so ba. An gina sabuwar mangaza a kan tudu, amma rabin tsohuwar ce, kuma kamiyo yana shan wahalar hawa. An sake dalon da baki biyu manya. Rumfunan kasuwa har yau muna jira, kuma akwai fataken da ba su yafe mini wannan ba. Tsohuwar mangaza ana zuba mata kashu da rani, kafin ruwa ya sauka a share ta a kulle. Jeri ma ya canza: yanzu kowa tarinsa daban, daga ƙasa har sama, a kan katako mai tsayin gwiwa.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Alhaji Garba ya fita da buhu ɗari biyu da arba'in cikin ɗari biyu da sittin, ya sayar da tsada, kuma ban ga ya talauce ba. Bara ma ya ƙara kamiyo. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna. Ni busassuna ɗari da casa'in ne, na koma gida da ɗari da ashirin da biyu, wato sittin da takwas suka tafi a yarjejeniyar bakin ƙofa, ban da goman da ruwa ya ci. Shekara biyu na yi kafin in cike gurbin. Matan da ruwa ya bar wa talatin sun karɓi ɗari da arba'in da shida. Na ƙetaren rafi ba su dawo wa Alima ba har yau, wani suke kai wa, kuma idan sun haɗu da ita a kasuwa gaisuwa ce kawai. Sauran sun dawo, ba a shekarar farko ba, a ta biyu, da daro ɗaya-ɗaya, suna gwada ta kamar baƙuwa. Bana ta cika rabin sabuwar mangaza da zare shuɗi, har ta aiko mini cewa idan ina son wuri in yi sauri, domin ba za ta riƙe wa kowa ba.